Kashin Ƙarfe

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku sarara min in sha ruwa. Ke kuma 'yar Surko da kika rantse in aka rushe masallacin nan kin daina karanta ni, gyara zama tukuna.

Waɗanda suka tarar da mu a hanya, ga inda muke. Khairiyya 'yar marigayi Malam Buba ce, injiniyar da ta dawo gida Kiyako da sana'ar da ba a saba gani ba. Tifa ke kwaso mata dattin da ake jibgewa a bayan masana'antun narka ƙarfe, wanda tun zamanin kakanni maƙera ke kira kashin ƙarfe, ita kuma ta niƙe shi a ɗan wurinta na Birnin Kudu ta buga bulo. Da bulon nan ta gina ƙaramin masallacin da mahaifinta ya rasu da burinsa, har da ɗakin mata a gefe. An yi rufi, an shimfiɗa tabarmi, saura sallar farko, sai wata magana ta taso daga Gwaram ta shigo gari: wai da kashi aka yi ginin. Kashi dai wanda kuka sani. Daga nan babu wanda ya yarda ya sa goshinsa a ciki, yau kuma kwamitin masallaci ya ce a zauna bayan Azahar, ko a bar shi ko a rushe.

*

An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe take, don haka a kan benci da buhunan wofi aka zauna a gindin darbejiyar da ke ƙofar masallacin. Maza sun cika inuwar. Mata suna can jikin katangar gidan Liman, kowa ta ja mayafi, kunne kuwa a buɗe.

Cikinsu har da Inna Turai, mahaifiyar Khairiyya. Tun da aka fara maganar nan ba ta ce wa 'yar tata ko sannu ba. Da ma ba ta saba ba. Khairiyya 'yar fari ce, Inna ko sunanta ba ta kamawa, sai dai "yarinyar nan", in kuma ta yi mata magana to faɗa ne: kin dawo da ƙura, ba ki ci abinci ba, wace irin mace ce ke wuni da shebur. Khairiyya ta daɗe da yanke wa kanta cewa kunyar sana'arta Inna ke ji, kuma abin yana ci mata rai fiye da surutun gari.

Ƙasimu magini na tsaye a gefe da guduma a hannu, fuskar nan kamar an aiko masa da rasuwa. Shi ya ɗora bulon nan ɗaya bayan ɗaya, yau kuma shi aka ce ya zo da abin rushewa.

Liman Malam Iliyasu ya buɗe da addu'a, sannan ya ce wa Khairiyya ta yi bayani, kowa ya ji da kunnensa.

Ta durƙusa ta gaida su, ta kwance bakin wani ɗan buhu ta zazzage a kan faranti. Wasu duwatsu ne baƙaƙe masu rami-rami, wani gefen yana ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Sannan ta fara bayani. Ta ce siminti ba ya zama siminti sai an toya dutse a wuta mai tsananin gaske, hayaƙin da ke fita kuwa yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, damina ta riƙa zuwa a birkice. Nan dattawa suka gyaɗa kai, don ba su manta yadda ruwa ya ɗauke musu bara gero na tsaka da fitar da kai ba. Ta ce shi wannan an riga an toya shi can wurin narka ƙarfe, zubarwa ake yi, ita ba ta sake hura masa wata wuta. Niƙawa kawai take, ta haɗa da tokar ƙaiƙayin shinkafa da yashi da 'yar soda irin ta masu sabulu, ya kama ya zama dutse.

"Wallahi iyakarsa ke nan, Allah gafarta Malam. Sunansa ne kawai kashi."

Ni kaina da nake ba ku labarin na fara cewa an wuce wurin.

Sai Alhaji Maikuɗi ya yi gyaran murya.

Shi ne shugaban kwamiti, aminin marigayi Malam Buba tun suna samari. Kar ku zage shi a ƙasan shafin nan, na san halinku, mutumin kirki ne. Matsalarsa guda: tsarki. Mutum ne da in ruwan kwata ya fallatsar masa a ƙafar wando sai ya koma gida ya canja har hula. Ya ce ya ji bayani, bayani kuma ya yi daɗi, amma duwatsun faranti daban, abin da ke jikin bango daban. A ɗauko bulo guda cikin ragowar da ke bayan masallaci a fasa a gaban kowa.

Khairiyya ta dubi tarin bulon. Ta san abin da za a gani, kuma ta san ruwan safe ya jiƙa bulon.

Ƙasimu ya kawo, ya kalle ta kamar mai neman gafara, ya sauke guduma. Sai da ya maimaita kafin bulon ya rabe biyu, abin da a wata rana da ya zame mata abin alfahari.

Cikin bulon kore-kore ne, mai duhu, kamar gansakukar bakin rijiya.

Sannan warin ya taso. Ba mai yawa ba, amma ya isa. Irin na ƙwan da ya kwana biyu a ƙarƙashin kaza bai ƙyanƙyashe ba.

Na gaba suka ja da baya har benci ya kife. Wani ya toshe hanci da hula, wani ya kama salati. Daga wajen mata aka ji wata ta ce ai da ma ta faɗa.

Khairiyya ta ɗaga murya ta ce farar wuta ce, akwai ta kaɗan a jikin dutsen tun daga masana'anta, duk wanda ya taɓa shafa farar wuta don ƙaiƙayin jiki ya san warin nan. Koren kuma in ya sha iska zai washe ya koma fari, su dubi bangon da kansu. Wasu suka juya suka dubi bangon, fari tas. Wasu kuwa hancinsu suka gaskata.

Alhaji Maikuɗi bai toshe hanci ba, bai kuma yi murna ba. Idonsa ma ja ya yi.

"Khairiyya."

"Na'am, Baba Alhaji."

"Ni na karɓi mahaifinki na sa shi a kabari. Da hannuna za a sare a bar ginin nan, na fi so. Amma ba zan tsaya gaban Allah da sallar mutane a wuyana ba."

"Baba Alhaji, wanda ya ƙirƙiri maganar nan maƙiyina ne."

"Da na so haka ne," ya ce a hankali. "Shaidar daga cikin gidanku ta fito."

Ya zaro waya daga aljihun gaba. Ya ce tun da saƙon ya iso masa daga Gwaram ya riƙe, ya hana a kai mata, don bai so ya haɗa 'ya da uwa. Khairiyya ta sha jin ana cewa akwai wata murya da ke yawo a wayoyi, amma duk wanda ta tambaya sai ya kawar da kai, ta ɗauka ƙarin gishiri ne irin na gari. Alhaji ya ƙure sauti, ya danna.

"Salamu alaikum, Hapsatu, kuna lafiya, ya yaran, ya damina. To ku taya mu murna, masallacin Malam ya kai rufi. Kuma ba da siminti ba fa. Yarinyar nan da kanta take haɗa bulon, wallahi Hapsatu da kashi…"

Ɗif. Saƙo ya ƙare.

Babu wanda bai gane muryar ba. Duk kawuna suka juya wajen katangar gidan Liman.

Khairiyya ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da wani ne can, da ta san abin da za ta ce. Amma Inna? Ashe kunyar ta kai har a kai ƙararta Gwaram wurin Yafendo Hapsatu, ƙanwar Innar? Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo, ba ta ko share ba.

Inna Turai kuwa ta miƙe tsaye. Matar da ko a biki ba a jin muryarta, yau ga ta tana ratsowa ta tsakiyar maza, mayafi na jan ƙasa.

"Alhaji, sake kunnawa."

Ya sake.

"To ina sauran?"

"Iyakarsa ke nan, Turai."

"Ban ƙarasa ba. Yatsana ne ya zame."

Liman ya ce ta kwantar da hankalinta ta yi bayani. Ta ce ita wayar nan da aka saya mata ba ta da mutunci, sai ka danne wani ɗan wuri kana magana, da ka ɗan motsa ta tura. Ran nan tana cikin magana kaza ta shiga shanyar kuɓewarta, ta ɗaga hannu ta kore ta, abu ya tafi. Da ta dawo ta zauna ta nemo hoton Hapsatu, ta sake dannawa ta ƙarasa maganarta tsaf, har da sallama.

Alhaji Maikuɗi ya ce shi dai ya kira Hapsatu da kansa, ta rantse guda ɗaya ta samu. Ta saurara, hankalinta ya tashi, ta tura wa mijinta ya gaya mata hukuncin abin, shi kuma ya tura wa wani malami, daga nan kuma sai Allah.

"To ni na tura," in ji Inna. "Ga wayar, ku duba. Hotonta na danna, mai baƙar hular nan."

Khairiyya ta ɗago kai.

Inna ba ta karatun boko, da hoto take gane mutane a waya. Mai baƙar hula kuwa hoton Khairiyya ne na ranar gama jami'a, da doguwar riga da hular nan mai faɗi. Shi ne a kan lambarta. Shi ne kuma Yafendo Hapsatu ta ɗora a kan tata lambar tun ranar bikin, don alfahari, ba ta sake cirewa ba.

Hoto ɗaya, mutum biyu.

Khairiyya ta laluba jakarta ta ciro tata wayar. Ta buɗe wurin Inna. Saƙonnin murya ne jere reras, babu wanda ta buɗe. Ta daɗe da daina saurara, don ta san abin da ke ciki: ki dawo kafin Magariba, tuwonki ya huce, wa zai auri mai tsagaggen hannu. Ta yi ta ja sama har ta kai ranar da aka yi rufi. Ga shi nan, dogo, ya fi duk sauran.

Liman ya ce a kunna.

Inna ta yi wuf ta ce a'a, a bari, ba sai an ji ba, ita dai an ga ta tura. Ta kai hannu za ta karɓe wayar. Liman ya ce Turai, rabin magana ya kusa rushe ɗakin Allah, bari ɗaya rabin ya tsayar da shi. Khairiyya ta danna.

"Yauwa Hapsatu, wayar nan ta katse ni, kaza ce. Kashin ƙarfe nake ce miki, irin na maƙera, wanda ake zubarwa a bayan masana'anta. Shi take niƙawa. Abin da mutane suka yar, ita ta tsince ta yi wa ubanta masallaci da shi."

Aka ji numfashin Inna a cikin wayar, da kukan kaza can nesa.

"Ni ba na faɗa a gabanta, kin san ba a yi. Amma ranar da na ga bangon nan ya wuce tsayina, ɗaki na shiga na rufe ƙofa. Malam ya tafi yana cewa wa zai gina masa, ashe mai ginin tana gabansa tana zuba masa ruwan alwala. Hannunta duk sodar nan ta cinye, tana ɓoyewa a hijabi, wai ita a dole ban gani ba. In ta dawo da ƙura nakan yi mata faɗa, don in ban yi faɗan ba kuka zan yi. Hapsatu, ban san da me zan gode wa Allah a kan Khairiyya ba."

Sunan ya fito ƙarara, a gaban gari guda.

"Kar ki gaya mata fa. To sai an jima, a gaida yaran."

Saƙo ya ƙare.

Wallahi masu karatu, ina rubuta wurin nan ina share ido, kar wadda ta yi min dariya.

Inna Turai ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta tsuguna a inda take, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ba rushe masallaci ne ya dame ta a wannan lokacin ba, a'a, an ji ta kama sunan 'yar fari, an kuma ji tana yabonta. Khairiyya kuwa kuka take da dariya a haɗe, ta rarrafa ta je ta kifa kai a gwiwar uwar. Inna ta ture ta da gwiwar hannu, a hankali dai, tana cewa daga cikin mayafi tashi min a jiki, ba ki ga mutane ba.

Ba ta tashi ba. Innar ma ba ta sake turewa ba.

Wani dattijo ne ya fara ƙyalƙyalewa, yana cewa kaza, ashe duk kaza ce. Sai dariya ta kama wuri, irin wadda mutane ke yi in an sauke musu kaya daga ka. Ƙasimu ya jingine guduma a jikin darbejiya, ya zauna a ƙasa yana ta alhamdulillahi.

Alhaji Maikuɗi bai yi dariya ba. Ya cire hula ya share goshi, ya ce ya ji, kuma ya ji kunya, amma don Allah a yi masa haƙuri, zuciyarsa ba ta gama sakin warin nan ba.

Liman ya ce ba laifi, tambaya ce a kan hanya. Ya jawo farantin gabansa, ya ɗauki dutse guda ya juya shi a hannu. Ya ce suna yara akwai tsohuwar maƙera a bayan gari, irin wannan suke tsinta suna harbin tsuntsu da shi, iyayensu kuma su cike ramin ƙofar gida da shi in damina ta zo, babu wanda ya taɓa cewa a wanke ƙafa. Ya dubi manoman da ke zaune ya tambaye su, kashin yawo da ke maƙale musu a riga in sun ratsa gona, wa ya taɓa fasa salla saboda shi? Aka yi dariya aka ce babu.

"To suna ba ya sa abu najasa. Wannan dutse ne da ya fito daga wuta."

Ya sa aka kawo ruwa a kwano, ya jefa dutsen, ya ɗaga kwanon kowa ya gani, ruwa garau. Ya sansana. Sannan ya tsamo dutsen ya nufi bakinsa da shi.

"Allah gafarta Malam, ba a ci," Khairiyya ta faɗa da sauri.

"Ba ci zan yi ba, 'yata."

Ya taɓa shi da harshe, jama'a duk sun zuba masa ido.

"Kamar ka lashi bakin fartanya," ya ce. "Alhaji, ko za ka gwada?"

Alhaji Maikuɗi ya ce a'a, ya gamsu, ya gamsu ƙwarai. Nan ma aka sake fashewa. Ya taso ya zo gaban Khairiyya, dattijo guda, ya rusuna ya ce ta yafe masa, ya riƙe saƙon don ya kare ta, ashe da ya kawo mata tun ranar farko da ba a kai ga guduma ba. Ta ce babu komai Baba Alhaji, ita ma da tana sauraren uwarta da ba a kai ko'ina ba. Duk da haka sai da ya ɗauki rabin fasasshen bulon ya naɗe a leda, wai zai ajiye a kan katangarsa ya ga ranar da koren zai washe. Hali dai ba ya barin mai shi.

Ana haka lokacin La'asar ya shiga.

Liman ya dubi ladan ya ce me kake jira. Ladan ya tambaya a ina, a tsohon wuri? Liman ya tuɓe takalmansa a ƙofar sabon masallacin, ya sa ƙafar dama ya shiga.

Kiran sallar farko ke nan da aka yi a masallacin Malam Buba. Alhaji Maikuɗi sai da ya sake alwala, don ya taɓa ledar, amma a sahun gaba ya tsaya, daidai bayan Liman. Mutane suka cika ciki har waje, wasu da ɗazu suka toshe hanci su ne ke ture-turen shiga.

A ɗakin mata, Khairiyya ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Inna. Da aka yi sujada goshinta ya taɓa tabarma, sanyin daɓen ya ratso, sai ta ji wani nauyi da ta kwana da shi ta tashi da shi tun da aka fara maganar nan ya sauka gaba ɗaya. Daɗi ta ji, tsantsarsa, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mahaifinta. Bayan sallama Inna ta daɗe tana addu'a. Da ta shafa, ba ta dubi 'yar ba, ta dai kamo hannunta ta cikin hijabi, ta juya tafin, ta shafa tsagar da babban yatsa.

"In mun je gida akwai man kaɗanya," ta ce. "Kuma ki riƙa sa safar hannun nan, ba ado aka ba ki ita ba."

"To, Inna."

"Kuma abin da kika ji ɗazu, ba da ke nake ba."

"Na sani, Inna. Da Yafendo kike."

Inna ta harare ta, amma bakinta ya kasa ɓoye murmushin.

*

Da yamma gidan ya cika da mata 'yan barka, har da wadda ta ce da ma ta faɗa, yanzu kuma cewa take ita tun farko ba ta yarda ba. Khairiyya ta bar su ta zauna a bakin rijiya, ta sa waya a kunne, tana bin saƙonnin Inna ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko. Faɗan ne dai, tuwo ya huce, Magariba ta yi. Sai dai yau wani iri take jin sa, har tana maimaita wasu.

Abu guda ya rage, Gwaram. Can maganar ta taso, can kuma ba su san an kashe ta ba. Liman ya ce a bari gobe shi da Alhaji Maikuɗi za su je da kansu, da farantin duwatsun, su yi wa malaman can bayani baki da baki, kar a sake yarda da waya. Kowa ya ce hakan ya yi.

Kowa ban da Inna, ashe.

Khairiyya na zaune sai ga ta ta fito daga ɗaki, waya a hannu, fuska a sake, tana tafe kamar wadda ta gama wani babban aiki.

"Ke, na hutar da su Malam tafiya. Ni na ɓata, ni na gyara."

"Me kika gyara, Inna?"

"Na yi wa Hapsatu bayani. Wannan karon na duba da kyau, ba mai baƙar hula na danna ba. Mai hoton mutane da yawa na danna, tana ciki."

Khairiyya ta miƙe a hankali. Mai hoton mutane da yawa guruf ɗin dangin Gwaram ne, kaf ɗinsu, har da surukai, har da malamin da aka fara tura wa wancan.

"Inna, kin riƙe wurin da kyau har kika gama?"

"Ƙam na riƙe. Sau ɗaya dai na kori kazar nan daga bakin ƙofa."

Khairiyya ta karɓi wayar. Saƙo guda ne, ɗan gajere. Ta danna.

"Salamu alaikum, Hapsatu, ku kwantar da hankalinku, magana ta mutu, har an yi La'asar a ciki. Liman da kansa, a gaban jama'a, ya ɗauka ya kai baki ya lashi kashi…"

Ɗif.

Ta kai yatsa za ta goge ke nan, sai ta ga rubutu ya fito a saman guruf ɗin.

Yafendo Hapsatu tana ɗaukar murya.